Yadda Na Wanke Aikin Wata Huɗu da Buroshin Haƙori

Ba zan taɓa iya mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, ranar da na tsaya a gaban mutum goma sha ɗaya cikin sabuwar shaddata, da sukudireba a hannu, ina roƙon Allah a zuci ya kawo wani abu, ko 'yar ƙaramar gobara ce, ya raba ni da wurin. Bai kawo ba. Kuma daidai ne, domin ni na jawo wa kaina. Amma bari in faro daga ranar Litinin, don a nan ɓarnar ta fara.

Gyaran waya nake yi a Jimeta. Shagona ɗan ƙarami ne a layin masu waya, tebur ɗaya, benci ɗaya, sai fanka mai kukan akuya. A unguwar Rumde aka haife ni, a nan nake zaune har yau da matata da 'ya'yanmu biyu. Karatuna iyakarsa sakandare, ita ma da ƙyar (jarabawar kimiyyar sinadarai sau biyu na zauna mata, sau biyu ta koro ni gida). Amma hannuna yana da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunata ya sani. Wayar da ta faɗa a rijiya, wadda yaro ya jefa a tukunyar miya, duk sun tashi a kan teburina. Da haka mutane suka fara kirana Injiniya, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiya ma har na sa aka rubuta a jikin ƙofa, da jan fenti.

Shagon da ke manne da nawa na Ba Modu ne, mutumin Borno, mai sayar da caja da robar bayan waya. Ni Bafillace, shi Babarbare, kun san abin da ke tsakani. Tun safe har rufe shago, in bai ce mini in koma bin shanu ba, to ni na ce masa bawana ne da kakana ya manta a kasuwa.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Rifkatu ta shigo. Rifkatu 'yar Malama Saratu ce, wadda ta koyar da ni a aji huɗu na firamare. Asalinsu mutanen kudancin jiha ne, amma a layinmu ta girma, Hamma take ce mini kamar sauran ƙannena. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karanta wannan sinadaran da ya kayar da ni. Shekarar da ta gabata 'yan ajinsu duk suka fita suka bar ta, saboda furojet ɗinta, wato aikin binciken gama karatu, ya ƙi yin aiki. Ta maimaita shekara guda cur a kan abu ɗaya. Ranar Alhamis kuma malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a zai zo ya duba aikin ɗalibai. In abin ya sake ƙi, sai kuma wata shekarar, ga uwarta ta yi ritaya tana zaune tana jiran ranar.

Ta fito da wani gwangwanin alawa daga jaka, ta buɗe shi a hankali kamar mai buɗe wa jariri fuska. A kan auduga akwai wani ɗan fanel, irin allon da ake samu a cikin waya, da bai wuce faɗin babban yatsana ba, da batir irin na agogo, da 'yan fitilu biyu ƙanana, kore da ja. A tsakiyarsa kuma an shimfiɗa wata 'yar leda siririya, launin toka, ba ta da kyan gani ko kaɗan.

Ta ce, "Hamma, aiki biyu ne. Wayoyin batir ɗin nan biyu sun cire, ƙarfen dalman lab ɗinmu ya yi girma, ina tsoro. Sannan ka samo mini ɗan gida mai huji-huji ka saka shi ciki."

Na ce, "Shi ke nan? Ai wannan ko ina barci."

Ta ce, "Tsaya in yi maka bayani. Ka ga wannan ta tsakiyar? Sunanta folima. Da ƙaro na haɗa ta, da sitacin rogo, da wani baƙin gari mai laushi. Ita kaɗai aiki uku take yi. Tana wuce da wuta kamar waya, tana jin danshi, sannan ita ke manne kanta ba sai an sa gam ba. Shi ya sa na'urar ta ƙanƙance haka. In ka cusa ta cikin buhun masara, in masarar ta bushe fitila kore za ta kama, in da danshi sai ja, manomi ya san ya sake shanyawa kafin ta yi fumfuna. Wata huɗu ina yi, guda nawa suka lalace, wannan kaɗai..."

A daidai nan wani mutum ya leƙo da waya mai fasasshen gilashi, wata mata kuma tana tambayar ko tata ta gyaru. Ni kuwa ina son a ga yadda Injiniya ke sallamar mutum uku a lokaci ɗaya. Ina karɓar wannan, ina miƙa wancan, ina ce wa Rifkatu, "Na gane, na gane." Duk bayanin da na rubuta muku a sama, daga baya na haɗa shi. A lokacin, abin da ya shiga kunnena bai wuce "masara" da "fitila" ba.

Ta miƙo mini takarda ninke. "Na rubuta komai a nan, don Allah ka karanta kafin ka taɓa."

Na ce, "Ke, wayoyin manyan garin nan ni ke buɗe su. Je ki abinki."

Tana fita na ɗauki takardar na shimfiɗa a tebur, na juye ƙananan kusoshin wata waya a kai don kada su gangara. Amfanin da na fara yi da ita ke nan.

Yanzu sai in gaya muku wata ɗabi'a ta masu sana'armu, don ku gane ba hauka na yi ba, ko da yake ya yi kama. Duk sabon kayan waya da leda yake zuwa a jikinsa, ta kariya. Gilashi da leda, kyamara da leda, batir da leda. Abu na farko da ake koya wa mai gyara shi ne ya ɓare ta, domin wanda ya manta da leda a cikin waya, layi gaba ɗaya sai ya yi masa dariya har mako. Na biyu, duk fanel ɗin da ya hau tebur sai an yi masa wanka: a hura masa iska mai zafi da bulowa, a ɗiga sifirit, a goge da tsohon buroshin haƙori har ya yi ƙyalli. Shekara goma sha biyu hannuna na yin wannan, har ya daina tambayar kaina izini.

Bayan azahar na ɗauko aikin Rifkatu. Wayoyin biyu, cikin minti biyar na liƙe su, tsaf. Da na tsaya a nan, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma sai idona ya sauka a kan 'yar ledar nan mai launin toka. Na ce a raina, 'yan jami'a ke nan, karatu da yawa, ledar kariya ma ba su san a cire ba, har ta yi datti. Na sa hantsaki na ja. Ta ƙi. Na ce au, gardama? Na kunna bulowa na saita mata. Nan take ta nannaɗe, ta yi baƙi, ta ƙanƙance kamar fatar kaza a mai. Na kankare ta, na ɗiga sifirit, na bi da buroshi sama da ƙasa. Fanel ya fito yana sheƙi. Har na ɗaga shi na nuna wa Ba Modu.

Ya ce, "Kai Fulata, yarinyan nan ya ce ka wanke ne?"

Na ce, "Kyauta na yi mata. Kai me ka sani ban da caja?"

Na mayar da batir. Ba kore, ba ja. Na juya batir. Shiru. Na sa sabo. Shiru. Sai a lokacin na kwashe kusoshin nan daga kan takarda na buɗe ta. Layi uku ne kawai a sama, da manyan baƙaƙe, ta ja musu layi biyu-biyu a ƙasa. Kada zafi ya kusanci ledar. Kada sifirit ko ruwa ya taɓa ta. Kada a taɓa ta ko da yatsa, ita ce furojet ɗin gaba ɗaya.

Na karanta sau uku, ko wani layi zai sauya. Fanka na juyawa a kaina amma gumi ya jiƙa mini riga har wuya. Na durƙusa na leƙa kwandon shara, na samo abin da ya rage, ɗan baƙin abu kamar kashin ɓera.

To, a nan ne babban laifina yake, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Ɓarnar farko kuskure ce. Lambar Rifkatu na cikin wayata. Da na kira ta a wannan lokacin, da ta yi kuka, ta zage ni in ta ga dama, amma tana da kwana uku a gabanta. Na ɗauki wayar har sau biyu. Sai in tuna fuskar Malama Saratu, in tuna jan fentin da ke jikin ƙofata, in ajiye. Daga ƙarshe na ce wa kaina, leda ai leda ce. Ta ce tana wuce da wuta, ko? To ni ma na san abin da ke wuce da wuta.

Na yanko 'yar leda daga jikin sabon sikirin gad, abin da ake manna wa fuskar waya don kariya, daidai girman waccan. Na samo fensir, na goga mata bakinsa har ta yi toka-toka. Na manna a wurin. Na sa batir. Fitila kore ta kama! Wallahi har na yi hamdala, kamar wanda ya yi abin kirki. Na ɗauko wani ƙaramin gidan abin sauraro na roba, na huda masa ƙofofi da allura mai zafi, na saka fanel ciki, na ɗaure da kusoshi huɗu yadda ba mai ganin ciki. Ban gwada da danshi ba. Ba mantawa na yi ba, tsoron amsar nake yi.

Ba Modu yana kallona ta tagar da ke tsakaninmu. Ya ce, "Oga Injiniya, wannan abu da kake yi, ni dai ba na gani ba. No wahala. Amma Allah ya gani."

Ranar Talata Malama Saratu da kanta ta zo karɓa, domin Rifkatu na can wurin ɗinke littafin furojet. Ta juya ɗan gidan a tafin hannunta, ta ga kore na ci, ta ce, "Ɗana, Ubangiji ya sa maka albarka. Ka ga amfanin a riƙe yaro da kyau." Na durƙusa na ce amin. (Wannan amin ɗin har yau in na tuna ta sai in ji kamar na haɗiye ƙaya.) Kafin ta tafi ta ce Rifkatu na roƙon in zo makarantarsu gobe da safe, malamarta za ta yi gwajin ƙarshe kafin baƙo ya zo, ko waya za ta sake cirewa a samu mai gyara kusa. Mutum mai hankali da ya ce yana da biki a unguwar Bako. Ni kuwa na ce, "Ai dole," na je gida na ce wa matata ta goge mini sabuwar shadda, jami'a ta gayyace ni.

Ɗakin gwajin dogo ne, da tebura na siminti da kwalabe. Ɗalibai tara, Rifkatu ta goma, sai malamarsu, wata dattijuwa 'yar cikin Yola mai farin gilashi, kowa Dakta yake ce mata. Rifkatu ta gabatar da ni. "Dakta, ga yayana Injiniya, shi ya haɗa mini gidan."

Dakta ta yi mini maraba da Fillanci, "Jabbama, Injiniya. Ɗan wane gida ne a Rumde?" Na faɗa. Ta ce, "A'a! Ai Goggonka ƙawata ce, tare muka yi makaranta." Na yi murmushi, amma na san duk abin da zai faru a ɗakin nan zai riga ni isa gida.

An ajiye kwano biyu na masara, ɗaya busasshiya, ɗaya an yayyafa mata ruwa tun jiya. Rifkatu ta cusa na'urar a busasshiyar. Kore. Ɗalibai suka tafa, ni ma na tafa, har na fi kowa ƙarfi. Ta ciro ta cusa a mai danshi, ta ce, "Cikin minti ɗaya za ta koma ja."

Minti ɗaya ya wuce. Kore. Minti uku. Kore. Wani ɗalibi ya ƙara ruwa a kwanon har masara ta fara iyo. Kore dai, tana haske abinta kamar ba da ita ake ba. Ni na san ko cikin kogin Binuwai aka jefa ta, kore za ta nutse da shi.

Dakta ta cire gilashinta ta goge. Ta jawo littafin furojet ɗin, ta buɗe shafin da aka jera sakamakon gwaji. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni. Ta ce, "Rifkatu, waɗannan lambobin da kika rubuta, kin auna su ne da gaske, ko kin zauna ne kin tsara? Ki gaya mini gaskiya yau, kafin baƙo ya tambaye ki gobe. Ba zan sa hannuna a kan ƙarya ba."

Rifkatu ta ce, "Dakta, na rantse na auna. Ranar Asabar ma ta yi aiki." Hawaye na zuba a kan farar rigarta ta lab.

Ina so in ce a nan na miƙe na faɗi gaskiya. Ƙarya ne, ban miƙe ba. Na tsaya ina kallon wata kwalba kamar ina karanta abin da aka rubuta a jikinta. Ana tuhumar yarinya da ƙaryar da ni na yi, ina tsaye cikin shadda ina shiru. Dakta ce ta juyo ta ce, "Injiniya, taimaka ka buɗe mana gidan mu gani."

Kusoshi huɗu ne. Ban taɓa sanin kusa na da gajarta haka ba. Ina kwancewa ina fatan ɗaya ta ciza, ba wadda ta ciza, don ni na ɗaura su kuma aikina mai kyau ne. Na ɗaga murfi. Kawuna goma sha ɗaya suka sunkuyo.

Rifkatu ta kalla, ta ƙara kalla. Ta ce, "Wannan ba tawa ba ce." Ta ɗago ta dube ni. "Hamma, ina ledata?"

Dakta ta sa hantsaki ta ɗago abin zuwa hasken taga. Baƙin fensir ya goge a gefe, ga kuma sawun babban yatsana ɓaro-ɓaro a tsakiya. Wata ɗaliba ta ce, "Kai, wannan ai ledar sikirin gad ce!" Wani ya toshe baki ya fita waje, muna jin dariyarsa daga baranda.

Sai bakina ya buɗe, komai ya zubo. Na faɗi bulowa, na faɗi sifirit, na faɗi takardar da na zuba wa kusoshi. Da na zo kan buroshin haƙori, Dakta ta ce, "Buroshin me?" Dole na maimaita. Na ce kuma ni ba injiniya ba ne, sakandare na gama, kuma lambobin Rifkatu gaskiya ne, ƙaryar tawa ce ni kaɗai. Dakta ta juya ta ce, "Rifkatu, ki yafe mini, na zarge ki." Ita da ba ta yi komai ba ta riga ni ba da haƙuri. Wannan ya fi dariyar baranda zafi.

Rifkatu ba ta zage ni ba. Ta zauna a kan kujera ta ce, "Shi ke nan. Wata shekarar."

Ban san daga ina ƙarfin hali ya zo mini ba. Na ce, "Ba wata shekara. Kwana nawa ake yi a haɗa wata?"

Ba ta ko dube ni ba ta ce, "Dafawa awa biyu. Bushewa kusan kwana biyu, da wannan daminar. Kuma cikin goma da ƙyar ɗaya ke yi, don in ba ta shimfiɗu daidai ba, ko kumfa ɗaya ya shiga, ta mutu."

Dakta ta duba jerin sunaye. Ta ce baƙon kwana biyu zai yi, za ta iya mayar da Rifkatu ta ƙarshe, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Fiye da haka ba ta da iko.

Na cire rigar shaddar na rataye a ƙofa, na rage daga ni sai singileti. Na ce, "A ba ni aiki. Ko shara ce." Na kira Ba Modu na ce ya rufe mini shago, duk wanda ya zo ya ce sai Asabar. Ya ce, "An kama ka ko? Alhamdulillahi. Je ka yi bauta, da ma aikin kakanninka ne."

Bautar kuwa na yi. Na wanke farantan gilashi guda goma sha biyu, Rifkatu ta ce ba su fita ba, na sake wankewa. Ƙaron da ke lab ya ƙare, na hau keke na je kasuwa na zaɓo fari tas, na dawo na daka, na tankaɗe da kyalle. Tana dafawa tana juyawa, ba ta ce mini komai sai "miƙo" da "matsa". Da aka zo shimfiɗawa ta zuba ta farko, cikin gaggawa da ɓacin rai, kumfa ya cika ta. Ta biyu ma haka. Na matso bayanta na ce, cikin ƙaramar murya, "Rifkatu, in kin yarda. Ni sikirin gad nake mannawa kullum, ba kumfa. Ki gaya mini kaurin da kike so, ba zan yi komai ba sai abin da kika ce."

Ta kalle ni kallon da na cancanta. Ta ce, "In ka ƙara ko abu ɗaya daga kanka, Hamma, ko a hanya kada ka gaishe ni."

Na ɗauko tsohon kati na roba daga aljihu, ta goge shi da kanta. Ta zuba, na ja sau ɗaya, a hankali, ban numfasa ba. Ta sunkuya ta duba ta gefe. Ba ta yaba ba, cewa kawai ta yi, "Sake wata." Muka yi takwas. Aka jera su a cikin kabad, aka rufe da gidan sauro don ƙura da ƙuda.

Ranar Alhamis aka wuni ana ruwa. Na je tun safe na zauna a bakin kabad ɗin kamar mai jinya. Da azahar suna nan danye-danye. Hankalina ya tashi, na ce, "Ko in ɗauko bulowata, daga nesa-nesa..." Ban rufe baki ba ɗalibai huɗu da Rifkatu suka ce "A'a!" da murya ɗaya, har mai shara ya leƙo. Aka miƙo mini murfin kwali aka ce in yi fifita in ina son taimako. Na yi fifita har la'asar, hannun dama ya gaji na koma hagu.

Juma'a da safe biyar sun tsage, ɗaya ta ƙi bushewa, biyu sun yi. Rifkatu ta ɗora ɗaya a fanel da kanta, da hantsaki, ni ina tsaye hannuwana a baya. Muka gwada a masara mai danshi. Ta koma ja, amma sai bayan kusan minti huɗu, ba ɗaya ba kamar ta farko. Rifkatu ta ce ba komai, za ta faɗa wa baƙon gaskiya cewa sabuwa ce, ba ta gama bushewa ba. Na ɗaura kusoshin, na tafi masallaci. Ban taɓa yi wa masara addu'a ba sai ranar.

Ba a barin 'yan rakiya su shiga, don haka a baranda na tsaya, ni da Malama Saratu, wadda tun zuwanta ba ta amsa gaisuwata ba. Ta taga nake hango bayan Rifkatu, da baƙon, wani dattijo mai furfura, yana duba agogo, da kwano a gabansu. Minti huɗun nan sun fi mini shekara goma sha biyun da na yi a shago tsawo. Sai na ga dattijon ya sunkuya, ya ciro abin, ya ɗaga sama. Ko daga inda nake na hango ɗan jan haske. Ya sa aka kawo busasshiya, ya jira ta koma kore, ya sake mayarwa da kansa. Ja.

Rifkatu ta fito tana kuka tana dariya, ta faɗa jikin uwarta. Ta ci. Baƙon ma ya tambayi yadda aka yi ledar ta shimfiɗu sumul haka, ta ce wani mai gyaran waya ne ya taya ta. Mai gyaran waya ta ce, kuma ban taɓa jin sunan ya yi mini daɗi kamar ranar ba.

Sai da suka gama murnarsu Malama Saratu ta juyo gare ni. Na durƙusa a kan siminti, a gaban ɗalibai, da gemuna da komai. Ta ce, "Kai tun kana aji huɗu haka kake. Kafin in gama karanta tambaya ka ɗaga hannu. Ɓata abu ba shi ya dame ni ba, kowa yana ɓatawa. Amma ka bar ni na sa maka albarka ranar Talata, kana sane?" Na ce, "Na tuba, Malama." Ta ce, "Albarkar ba zan karɓe ba, na riga na bayar. Tashi. Amma ranar Lahadi bayan coci ka zo ka gyara mini rediyona, kuma ina zaune a kanka."

Labari kuwa ya riga ni isa Rumde kamar yadda na zata. Goggona ta aiko a tambaye ni ko in tana son wankin kwanuka za ta iya turo mini, tunda an ce ina da buroshi.

Abin da na koya bai da yawa, amma na biya shi da tsada. A cikin waɗannan ƙananan na'urori na yanzu, abin da ya fi kama da shara sau da yawa shi ne ke yin aikin duka, don haka duk abin da ban san sunansa ba, ba na taɓa shi sai mai shi ya gama magana. Sannan na gane kunya irin ƙullin ƙosai ce, in ka rufe ta ka ajiye, kumbura take yi. Tawa ranar Litinin ta mutum ɗaya ce, da na kira ta a waya, da minti biyu an gama. Na rufe ta da kusoshi huɗu na ajiye, zuwa Laraba ta ishi mutum goma sha ɗaya har da ragowar da aka kai wa Goggo.